Tsirkiya a Kudancin Jigawa: Daga Tsagiya zuwa Wayar Jita

Yankin Kiyako, a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta kudancin Jihar Jigawa, yana maƙwabtaka da ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun kiɗa da aka sani a Nijeriya, wato duwatsun nan masu amo waɗanda Bernard Fagg, masanin kayan tarihi na gidan tarihin Jos, ya kai labarinsu ga duniyar masana bayan ya gan su a Birnin Kudu a shekarar 1955, kusa da zanen shanun da mutanen dā suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Duwatsun sun riƙe gurbin dukan da aka yi musu shekaru aru-aru, har mutum yana iya sa hannu ya taɓa inda suka lotsa. Tsirkiya kuwa, wato zaren da ake ɗaurawa a jikin abin kiɗa a ja shi ya yi tsauri domin a kaɗa shi ko a goga shi, ba ta da irin wannan ƙarko, domin takan tsinke cikin makonni ko watanni, abin da ya saura kuma gara da laima su ƙarasa shi. Mai son bin tarihinta sai ya bi ta kan sana'o'in da suka samar da ita da kasuwannin da suka kawo ta, kuma idan ya yi haka zai tarar jikin garaya da gurmi da goge bai sauya ainun ba tun ƙarni na 19, alhali tsirkiyar da ke kansu ta tashi daga hannun maharbi da baduku, ta koma hannun mai gyaran keke da mai sayar da kayan kamun kifi, daga bisani ta iso a naɗe cikin 'yar takarda daga masana'antun ƙetare.

Kayan kiɗa masu tsirkiya da Hausawan wannan yanki suka gada, kamar sauran ƙasar Kano ta dā, sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake kaɗawa, kuma a gabansu akwai garaya, mai tsirkiya biyu da jikin itace da aka fafe aka rufe da fatar gada ko ta akuya, wadda tsawonta bai wuce kimanin santimita 50 ba, ana kuma kaɗa ta da guntun busasshiyar fata mai tauri. Sai komo, wanda ya ɗara ta girma. Sai gurmi, mai jikin ƙwarya, wanda ake kaɗawa da yatsu. Sai molo mai tsirkiya uku da kuntigi mai guda ɗaya tak. Akwai kuma waɗanda ake gogawa, wato goge da ƙanwarsa kukuma, masu jikin ƙwarya da akan rufe da fatar guza. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun tattara sunayen waɗannan kaya da na sassansu a ƙamusun kiɗan Hausa da suka wallafa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya bi tarihin masu kaɗa su a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Abin da ya haɗa masu kaɗawar duka shi ne yadda ake ɗaure su. Ba su da kunnuwan murɗawa irin na jita. Kowace tsirkiya ana ƙulle ta ne da tsinken fata da aka naɗa a jikin sandar wuya ya zama zobe, sai makaɗi ya tura zoben sama idan yana son murya ta yi sama, ko ya sassauto da shi idan yana son ta sauka, ɗaya bakin kuma ya bi ta kan jaki, wato ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya daga kan fata yana kai mata girgizar. Wannan tsari tsoho ne ƙwarai. An same shi a jikin abin kiɗa mai tsirkiya uku da aka tono a kabarin Harmose, wani mawaƙi na zamanin sarauniya Hatshepsut ta Masar, kimanin shekara 1490 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Ibn Battuta, da ya isa fadar Mali a 1352, ya ga mawaƙa suna tafe gaban sarki riƙe da 'yan'uwan waɗannan kaya. A ƙasar Hausa dai fada ta fi karkata ga tambari da kakaki da algaita, har Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Kayan tsirkiya suka zama na maharba da 'yan kokawa da 'yan bori da samarin dandali, kuma wannan rabo ya yi tasiri a kan abin da ake ɗaura musu, domin kowane rukuni da abin da ke kusa da hannunsa yake aiki.

Maharbi, wanda garaya ta fara zama tasa kafin 'yan bori su ɗauke ta, ya riga ya san yadda ake yi wa baka tsirkiya, kuma ilimin guda ne. Ana yanka ɗanyar fata siriri a tsaye, a jiƙa ta, a kankare gashi da kitse, a murɗa ta tana ɗanya, a ɗaure bakinta biyu a miƙe har ta bushe, sa'an nan a shafe ta da mai domin kada ta yi gautsi ta kakkarye. Haka ake yi da jijiya da hanjin dabba, da kuma gashin wutsiyar doki idan aka tufka shi, kuma waɗannan su ne kayan da makaɗan Sahel, daga Senegal har Tafkin Chadi, suka dogara da su kafin zamanin masana'anta. Ƙasar Birnin Kudu ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba: ga jeji da duwatsu inda ake farauta, ga shanu da awakin Fulani, ga kuma dawaki, domin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 garuruwan kudu maso gabashin Kano su ne bakin daga tsakanin masarautar da mayaƙan Ningi, gari mai tsaron iyaka kuwa ba ya rabuwa da barga.

Zaɓen tsirkiya a wancan zamani yana farawa ne tun daga wuƙa, domin faɗin da aka yanka fata da yawan murɗin da aka yi mata su ne za su yanke irin muryar da za ta fita. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan aiki ita ce wadda malamin Faransa Marin Mersenne ya rubuta a 1636: muryar tsirkiya tana yin sama idan aka rage tsawonta, ko aka ƙara ja, ko aka rage nauyinta, kuma idan aka raba tsawon biyu girgizar takan ninka, amma kafin a sami wannan ninki ta hanyar ja kaɗai sai an ninka jan sau huɗu. Mai garaya bai karanta Mersenne ba, amma hannunsa yana bin dokar sau da ƙafa, tunda yakan ɗaura tsirkiya ɗaya doguwa mai kauri domin ta riƙe gindin kiɗa, ɗaya kuma gajeriya siririya domin ta yi magana, kuma ya san cewa idan ya nemi murya ta yi sama ta hanyar ja kawai, ko dai tsirkiya ta tsinke ko jaki ya nutse cikin fata ya kashe amon. Iyakar abin da fatar gada za ta iya ɗauka ita ce iyakar jan da za a yi, kuma wannan iyaka ce ta ba kayan kiɗan Hausa muryarsu gajeriya mai dukan ƙirji, wadda ba ta daɗe tana kuwwa, abin da ya sa ake cike gurbin da ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan wuya da kuma girgiza buta a gefe.

Goge ya bi wata hanya dabam, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsirkiyarsa tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki, wanda ake tattarawa da yawa a jera shi ya zama ɗauri guda, haka kuma abin gogawar, wanda ɗan baka ne da aka ɗaura wa irin wannan gashi. Gashi a kan gashi ba ya kamawa sai an shafa masa ƙaro, wato busasshen ruwan itace mai danƙo, kuma abin da ke faruwa bayan an shafa shi ne wanda masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana a littafinsa na 1863: bakan yana kama tsirkiya ya ja ta gefe, ta kuɓuce ta koma, ya sake kama ta, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Da yake ɗaurin ya ƙunshi gashi masu yawa waɗanda kaurinsu da jansu ba su zo daidai ba, kowanne yana girgiza da ɗan bambanci, sai murya ta fito da wani kaushi a cikinta mai kama da shaƙewar muryar mutum, kuma wannan kaushin, wanda mai kunnen kiɗan Turawa zai iya ɗauka aibi ne, shi ne ainihin abin da masu sauraron goge suke nema. Makaɗin ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sanda. Taɓa ta yake yi da cikin yatsu, shi ya sa yake iya zamewa daga murya zuwa murya yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Masu haɗa irin waɗannan kaya a ƙasashe da yawa sun fi son gashin ingarma a kan na goɗiya, saboda fitsarin goɗiya yana jiƙa wutsiyarta ya raunana gashin, sun kuma san baƙin gashi ya fi fari kaushi da kamu. Jacqueline DjeDje ta kwatanta gogen Hausawa da na Fulani da na Dagomba a littafinta na 2008, kuma aikinta ya nuna yadda wannan abin kiɗa ya bi fatake da 'yan ci-rani har Gana, kamar yadda A. J. N. Tremearne ya tarar da Hausawan Tunis da Tarabulus suna bori da kiɗansu a binciken da ya wallafa a 1914.

Babban abokin gabar duk waɗannan tsirkiyoyi shi ne yanayi. Fata da hanji da gashi suna shan laima, saboda haka da damina sukan kumbura su saki, murya ta faɗi, fatar da ke rufe da jikin ma ta yi laushi, har sai makaɗi ya kanga abin kiɗansa kusa da wuta kafin ya shiga fage. Da hunturu kuma sukan bushe su ɗame, su tsinke ba zato a tsakiyar wasa. Makaɗin da aka gayyata biki a Gwaram cikin watan Agusta da wanda aka gayyata kalankuwa bayan girbi ba matsala ɗaya suke fuskanta ba, ko da abin kiɗansu iri ɗaya ne.

Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi ya tsaya a hannu da kunne bai shiga takarda ba. A Bagadaza ta ƙarni na 9, al-Kindi ya yi rubutu a kan tsirkiyoyin abin kiɗan da ake kira udu, da kaurin kowacce da abin da ake yin ta da shi, kuma ana jingina wa Ziryab, wanda ya isa Ƙurɗuba a 822, ƙara ta biyar. Malaman ƙasar Hausa kuwa sun gaji hukuncin fiƙihun Malikiyya, wanda ya sassauta ga gangar sanar da aure ya tsananta ga kayan lahawu, wato kayan shagala, kuma jagororin jihadin 1804 sun yi rubuce-rubuce a kan wannan hukunci, kamar yadda Veit Erlmann ya tattara a littafinsa na 1986. Alaƙar garaya da goge da bori, da kuma zaman goge a gidajen shaye-shaye daga baya, ta ƙara nisanta su daga zauren malam. Sakamakon haka shi ne ba a taɓa samun ma'auni guda da kowa ya yarda da shi ba. Kowane makaɗi yana daidaita tsirkiyarsa ne da muryar maƙogwaronsa, yaransa su koya daga gare shi, kuma garayu biyu daga garuruwa biyu ba lallai su hau murya ɗaya ba.

Sauyi na farko ya biyo gyada. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe daga 1912, Birnin Kudu kuma, da yake tana mahaɗar hanyoyin Kano da Gwaram da Ningi, ta zama wurin tara gyadar da ake kaiwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 120. Kuɗin gyada ya shigo da kayan kanti cikin ƙauyuka, kuma biyu daga cikinsu sun faɗa hannun makaɗa ba tare da masu ƙera su sun taɓa nufin haka ba: gwangwanin kifi da wayar birki. Kekunan farko da suka yawaita a Arewa, irin su Raleigh mai ɗaukar kaya, birkinsu na sandar ƙarfe ne, saboda haka waya ta wadata ne sosai da zuwan kekuna masu birkin waya da kuma babura. Wannan waya siraran ƙarafa ne da aka tufka wuri guda, idan aka warware ta sai a sami sili mai ƙarfi wanda kaurinsa bai bambanta daga farko zuwa ƙarshe ba, abin da wuƙar baduku ba ta iya bayarwa. Kuntigi ne ya fi cin moriyar wannan, domin jikinsa ya koma gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, tsirkiyarsa kuma ta koma waya, sai muryarsa ta yi tsini tana ratsa hayaniyar tasha da kasuwa. A hannun Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, wannan ɗan ƙaramin abu ya zagaya duniya, kuma ba kuskure ba ne a ce tsinin muryarsa ya dace da makirufo da ƙaramin lasifikan rediyo fiye da yadda muryar fata mai kauri za ta dace.

Sai dai ƙarfe bai karɓi dukkan kayan ba, kuma dalilin yana cikin nauyi. Ƙarfe ya fi hanji nauyi kusan sau shida, saboda haka kafin waya mai tsawon tsirkiyar garaya ta kai muryar da ake so, sai an ja ta da ƙarfin da fata da zoben wuya ba za su iya riƙewa ba. Abin da ya dace da garaya da gurmi da molo ya fito ne daga ɗakin gwajin kamfanin DuPont a Amurka, inda Wallace Carothers da abokan aikinsa suka haɗa nailan a 1935, aka kuma fara sayar da shi a matsayin zaren fatsa a 1939. Nauyin nailan ya yi kusa da na hanji, ƙasa kaɗan, don haka ana iya cire tsohuwar tsirkiya a ɗaura shi ba tare da an taɓa komai a jikin abin kiɗa ba. Ba ya shan laima kamar fata, gara ba ta cin sa, kuma ana sayar da shi da lamba gwargwadon kaurinsa. A karo na farko makaɗi ya sami damar zuwa kasuwa ya ambaci kaurin da yake so, idan kuma yana bukatar murya mai nauyi sai ya tufka sili biyu ko uku. Wannan sauyi ya game Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har kora ta Mandinko, mai tsirkiya 21, ta bar fata ta koma zaren kamun kifi. A Jigawa zaren bai yi wuyar samu ba, ganin yawan masunta a kogin Haɗeja da fadamunsa, kuma zamanin da Haruna Uji na Haɗeja ya fito da gurmi daga dandali ya kai shi faifai da rediyo ya zo daidai da lokacin da zaren ya cika kasuwanni.

Ribar a bayyane take, amma akwai abin da aka biya. Nailan sumul yake, muryarsa ta fi ta fata haske da tsawon kuwwa, ta kuma rasa wani ɓangare na kaushi da duhun da murɗaɗɗiyar fata ke bayarwa. Sabon zare kuma yakan yi ta miƙewa kwana da kwanaki kafin ya zauna, ga santsin da ke sa ƙulli ya zame idan ba a ƙona bakinsa ya dunƙule ba. Abin da ya fi wannan girma shi ne sana'ar murɗa tsirkiya ta daina zama sharaɗin zama makaɗi, sai yaron da bai taɓa bin maharbi daji ba ya iya haɗa gurminsa da kuɗi kaɗan. Wannan ya faɗaɗa ƙofar shiga sana'ar, ya kuma yanke ɗaya daga cikin igiyoyin da ke ɗaure yaro ga maigidansa. Goge da kukuma ne suka fi jinkirin sakin tsohon kayansu, domin zare guda sumul ba ya bayar da shaƙaƙƙiyar muryar da kunne ya saba ji daga Garba Liyo a goge, ko daga Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da Ahmadu Doka a kukuma. Inda ma aka maye gurbin tsagiya, kamar yadda makaɗan Mongoliya suka yi wa nasu gogen mai kan doki, sai da aka tattara siraran zaren nailan masu yawa aka kwaikwayi ɗaurin gashin.

Jita ta shigo Nijeriya ta bakin teku, a hannun ma'aikatan jiragen ruwa, musamman Kru na Laberiya, ta zauna a Legas inda Tunde King ya ɗauki faifan juju a 1936, sa'an nan ta biyo layin dogo zuwa unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya da Kaduna. A Arewa ta fi zama a otal-otal da barikokin soja da majami'u da makarantu, kuma ko da Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da ƙungiyarsa a shekarun 1970, ba ta ture gurmi daga ƙauyuka irin na kudancin Jigawa ba. Ita ma jitar ta sha irin wannan sauyin tsirkiya a ƙasashenta. Da hanjin tumaki aka san ta, sai a wajajen 1660 Turawa suka fara naɗa siririyar waya a kan zare domin a sami murya mai nauyi ba tare da kauri mai yawa ba, wanda hakan ya share hanyar jita mai tsirkiya shida a ƙarshen ƙarni na 18. Wayar ƙarfe ta yaɗu a Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 saboda arha da ƙara, kamfanin Martin ya koma gina jitocinsa domin ita a shekarun 1920, Gibson kuma ya nemi rajistar sandar ƙarfen da ake sakawa cikin wuya domin hana shi lanƙwasa a 1921. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya janye hanji zuwa zaren ɗinkin tiyata, Albert Augustine a New York, tare da mashahurin makaɗin Sifen Andrés Segovia, ya daidaita nailan ya zama tsirkiyar jita a ƙarshen shekarun 1940. Zare guda ne ke nan ya warware matsalar Segovia da ta mai gurmin karkara, kusan a zamani ɗaya.

Daga nan jita marar lantarki, wato wadda akwatin jikinta ne ke ƙara mata amo, ta rabu gida biyu, kuma farkon abin da mai zaɓen tsirkiya ke bukatar sani shi ne gidan da tasa ta fito. Saitin nailan guda shida yana jan jikin jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 40, saitin ƙarfe kuwa, wanda ake kiransa da kaurin mafi sirantarsa a ma'aunin inci, yana kaiwa kimanin kilo 60 idan mai lamba 0.010 ne, fiye da kilo 70 idan 0.012 ne, sama da kilo 80 idan 0.013 ne. Ɗaura ƙarfe a jitar da aka gina domin nailan, kuskuren da ake yawan yi inda saitin ƙarfe ne kaɗai a kanti, yana ɓamɓare jaki daga fuskar jita ko ya lanƙwasa wuya, domin babu sandar ƙarfe a cikinsa. Kauri yana ƙara amo da nauyin murya, yana kuma ƙara wa yatsu wahala. Wayar da ake naɗawa a kan manyan tsirkiyoyin ita ma iri biyu ce ta fi yawa: akwai gamin jan ƙarfe kashi 80 da tutiya kashi 20, mai murya garau amma mai saurin dushewa, akwai kuma gamin jan ƙarfe da kuza da ɗan sinadarin fosfaras, wanda D'Addario ya fito da shi a 1974, mai murya da ta fi taushi da jure gumi. A 1997 aka ƙara da Elixir, masu siririn rufin roba da ke hana datti shiga tsakanin naɗin, sai dai sun fi sauran tsada.

Waɗannan kaya an tsara su ne domin ɗakunan da laimar iskarsu ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, yadda masu ƙera jita suke ba da shawara, alhali a ƙasar Kano da Jigawa laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta kuma haura sosai a tsakiyar damina. Da hunturu katakon fuskar jita yakan tsuke, wani lokaci ya tsage, da damina kuma ya kumbura tsirkiya ta yi nisa da wuya, ƙarfe ya yi tsatsa, ƙura da gumi su toshe naɗin muryar ta mutu. A irin wannan yanayi saiti marar nauyi ya fi zama hikima ga jitar da aka sayo ta hannu, wadda mannin jikinta ya riga ya tsufa, ko da kuwa za a rasa wani abu na ƙara, haka nan sauke muryar jitar gaba ɗaya da mataki guda yana rage mata ja. Cikakken saiti kuma ba abin da ake samu a kasuwar mako ba ne, sai an aika Kano, shi ya sa maye gurbin wadda ta tsinke kaɗai ya fi sauya shidan yawa, kuma idan siririyar ce ta tsinke, silin wayar birki yana nan a rumfar mai gyaran babur.

A Jamhuriyar Nijar da Mali ne wannan dabara ta haifi salon kiɗa sukutum. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke, haka ma Mdou Moctar na Nijar, kuma salon nasu ya riƙe ɗabi'ar tsofaffin kayan Sahel, inda tsirkiya ɗaya take riƙe gindi ba ta sauyawa, sauran suna magana a kanta. A ɓangaren Nijeriya kuwa, tun daga shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke fitar da muryar jita da ta goge da danna maɓalli, sai waƙoƙin fina-finai suka cika gidajen biki a Birnin Kudu da Gwaram ba tare da an ɗaura tsirkiya ko ɗaya ba, garaya da gurmi suka koma ga taron maharba da fagen kokawa da shirye-shiryen gargajiya na rediyo. Hanyoyin biyu sun haɗu a Sakkwato a 2008, lokacin da Mdou Moctar ya je can ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da na'urorin gyaran murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin kuma suka bazu a Sahel ta katin ajiya na wayoyin hannu.